Allura Marar Huji

A zamanin da Nasara bai daɗe da zama Sakkwato ba, lokacin da waɗanda suka ga ranar yaƙin Giginya da idonsu ba su gama furfura ba, an yi wani maɗinkin riguna ana ce da shi Arzika. Hannunsa dai ba a magana. In ya zauna wa wuyan riga, sai ka tsaya kana kallo ka manta inda za ka. Amma zuciya kam, Allah bai ba shi da yawa ba. Mutum ne da in aka ɗaga murya a zaure, nan take fitsari ke kama shi.

A gidan ubansu marigayi Ladan yake zaune, ƙarƙashin wansa Maccido. Shi Maccido falken shanu ne, da ƙafarsa yake kora garke har ƙasar Yarbawa, kuma da ƙafar nan gidan duka ke cin tuwo. Ba mugu ba ne, sai dai in ya yi tsawa har kajin gida shiru suke yi. Sai kuma Goggo Hajjo, ƙanwar ubansu, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Ita ta goya Arzika tun ranar da uwarsa ta rasu, kuma har ya yi gemu ba ta kiransa da komai sai Auta. Idonta ya yi rauni, amma ba ta yarda ta zauna hannu sake ba, kullum tana ɗinke tsumman yaran gida. Saboda haka kowace safiya, kafin ya fita zaure, Arzika kan tsaya ƙofar ɗakinta, ta miƙo masa allurarta ya zura mata zare.

Marigayi Ladan shi ma maɗinki ne, kuma akwai doka guda da ya dasa wa Arzika da rankwashi: ba a ajiye allura tsirara. Ko mutuwa ta zo kiranka, ka bar wa allura wutsiyar zare, don ido ya gan ta kafin jiki ya same ta. Arzika ya riƙe wannan doka shekara da shekaru. Rana guda ya sake ta.

Da damina ne, an kwana ana ruwa, daɓen zaure ya yi sanyi. Maccido ya tafi kara, wato kasuwar shanu. Arzika ya ɗaga kai ya ga buzun ubansu rataye, fatar rago ce mai gashi cunkus, wadda Maccido ya gada, ya kuma hana kowa zama a kai don a kanta yake salla. Ya ce a ransa, wa zai sani? Ya sauko da shi ya shimfiɗa, ya zauna yana ɗinki cikin jin daɗi. Har Goggo ta leƙo ta kawo masa kunu, ta dube shi ta dubi buzun, ta girgiza kai ta koma. Zare ya ƙare masa ke nan, ya zare allura zai sa wani, sai ya ji gyaran muryar Maccido a ƙofa. Bai san lokacin da ya soke allurar cikin gashin buzun ba, ya yi wuf ya mai da shi mazauninsa. Ya ce an jima ya cire.

An jimar nan ba ta zo ba. Aka kira azahar, Maccido ya sauko da buzu ya ta da salla. Yana kai gwiwa ƙasa ya yi wata ƙara, ya faɗi gefe guda yana riƙe da ƙafa.

"Kunama," ya ce. "Arzika, kakkaɓe shi mu gani."

Arzika ya fita da buzun waje. Yana shafa gashin ya ji ƙarfe ya taɓa ɗan yatsansa. Ya jawo, sai ga rabin allura, rabin da ke da hujin zare. Ɗaya rabin yana inda kowa zai iya tsammani. Ya tsaya da ita a hannu, yana jin wansa na nishi a ciki, ga maƙwabta sun fara taruwa. Da ya shiga ya ce, Yaya, allurata ce, da ya sha zagi, wataƙila da mari, kafin la'asar an wuce wurin. Amma ina. Ya cusa guntun cikin naɗin hularsa, ya koma ya ce babu komai, ta gudu.

To, ga inda tsiyar take. Jiya-jiyan nan Maccido ya ce zai sayar da gonar ubansu ta Dundaye ya ƙara shanu, Goggo kuwa ta fito tsakar gida ta yi masa tas a gaban kowa. A cikin faɗan har ta ce, "In ka sai da gonar ubanka, ƙafar nan taka ba ta sake taka Dundaye da lafiya." Maganar tsohuwa ce mai fushi, irin wadda ake yi a manta kafin tuwo ya nuna. Da babu abin da ya faru, da babu wanda zai tuna da ita.

Gwiwa ta kumbura ta yi suntum. Wanzami ya zo ya yi ƙaho, ba a ga sauƙi ba. Maɗori ya lalluba ya ce ƙashi lafiya lau. Sai aka kawo wani mai magani daga bayan gari, ya dubi ƙafar, ya dubi rufin ɗaki, ya ce jifa ce, kuma wanda ya yi jifar ba daga nesa yake ba. Bai ambaci suna ba, ai ba ya ma bukata. Daga ranar nan, Saudatu matar Maccido ta hana 'ya'yanta shiga ɗakin Goggo. Aka ware mata ƙwaryar ruwanta. Mata a bakin rijiya suka fara tuna wa juna cewa dama tsohuwar ba ta taɓa haihuwa ba, kamar wannan ma laifi ne.

Arzika yana gani, yana ji, kuma abin yana cin sa. Kowace safiya yakan tsaya ƙofarta ya zura mata zare, ita kuwa ta ce, "Allah shi yi maka albarka, Auta," ta tsura wa bakinsa ido kaɗan, sannan ta sunkuya kan tsummanta. Yakan ce gobe zai faɗa. Amma abin da ya fi mari jiya, yau ya fi ƙarfin mari, don yanzu ba allura kaɗai zai amsa ba, har da shirun da ya yi. Tuwo ya daina wuce masa. Hular ma ya daina cire ta ko a cikin ɗaki, har matarsa ta tambaye shi ko ƙwarƙwata yake ɓoyewa.

Ana haka sai Muntari, malamin asibiti mai yi wa likita tafinta, ya zo karɓar rigarsa. Ya ba shi labarin wani likita Bature da ya iso da na'ura a cikin akwatuna, zai yi ɗan lokaci ya wuce gaba. Na'urar, in ji Muntari, tana ganin cikin mutum ba tare da an yanka shi ba. Arzika ya ji kamar an sauke masa dutse. Ga hanya ta samu. In Bature ya nuna wa Maccido allura, allurar ɗinki zalla irin ta kowane gida, ai zancen jifa ya mutu, a ce tsautsayi ne, Goggo ta wanku, shi kuma bakinsa bai buɗe ba. Wayon matsoraci ke nan, yana son na'ura ta faɗi gaskiyar da shi ya kasa faɗa. Ya dinga lallashin wansa har ya yarda aka ɗora shi a jaki.

Ɗakin da aka shigar da su an rufe tagoginsa da baƙin zane. A waje wani inji yana ruri yana tada hayaƙi, igiyoyi sun shigo daga gare shi zuwa wata kwalba mai tumbi kamar tulu, an rataye ta bisa gado. Aka kwantar da Maccido, aka sa wani faifan gilashi a naɗe ƙarƙashin gwiwarsa. Likita ya yi magana, Muntari ya juya.

"Ya ce kwalbar nan tana fitar da wani haske da ido ba ya gani. Hasken yana ratsa nama kamar yadda rana ke ratsa tufa mai shara-shara. Ƙashi yana tare shi kaɗan, ƙarfe kuwa ya tare shi sarai. Abin da ya tare shi, inuwarsa za ta zauna a kan gilashin nan. Kada ka motsa."

Maccido ya karanta abin da ya sawwaƙa ya daskare. Kwalbar ta yi ƙuuu, ta yi wani ɗan kore-kore, sannan aka kashe.

"Shi ke nan?" in ji Maccido. "Ni ban ji komi ba."

"Shi ke nan. Saura a wanke."

Likita ya shige wani ƙaramin ɗaki mai duhu da gilashin. Da ya fito sai ya ɗage zanen taga ya ɗaga shi ga hasken rana. Nama ya fito dishi-dishi kamar hayaƙi, ƙasusuwa biyu sun haɗa kai fari-fari. A gefensu ga wani siririn layi, ya fi komai fari, a miƙe sak. Maccido ya daɗe yana kallo. Falken shanu da ya saba da mahauta ba a koya masa ƙashin gwiwa.

"Wanga ƙashina ne, na gane shi," ya ce. "Wagga kuwa allura ce."

"Allura ce, Yaya," Arzika ya yi saurin cewa. "Ka gani, ta ɗinki ce kawai. Tsautsayi."

"Ta ɗinki?" Maccido ya matso da fuskarsa. "To ina hujinta?"

Babu huji. Tsini a gaba, baya a dungule. Arzika bai taɓa kawo wannan a ransa ba.

"Kai maɗinki ne," in ji Maccido. "Ka taɓa ganin wanda ya yi ɗinki da allura marar huji? Wagga ba don tufa anka yi ta ba. Don mutum anka yi ta."

Muntari ya juya wa likita, likita ya yi dariya ya amsa. "Ya ce karyewa ta yi," in ji Muntari. "Ɗaya rabin yana wurin da ka durƙusa."

"Mun duba wurin." Maccido ya juyo da kansa a kan gadon. "Arzika, kai ka kakkaɓe buzun da hannunka. Ka ga wani abu?"

Guntun allurar yana cikin hularsa, bisa kunnensa na dama, har yana jin kamar ya yi zafi. Bature na kallonsa, Muntari na kallonsa. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ban gani ba." Da can ƙaryar a kan kunama ta tsaya. Yanzu ƙarya ce sosai, a gaban shaidu, kuma ya san a kan wa za ta faɗa.

Maccido bai gama ba. Ya ce a tambayi Bature, tun da haskensa na ganin ɓoye, ko zai iya faɗin wane irin ƙarfe ne, na maƙera ne ko na wani wuri, kuma hannun wa ya fito. Likita ya ji daɗin tambayar, ya jawo wani hoto daga cikin kayansa. Ba hoton mutum ba ne, ɗige-ɗige ne baƙaƙe sun kewaye wani babba a tsakiya, a jere, babu wanda ya kauce.

"Ya ce wannan ƙwayar gishiri ce," in ji Muntari. "A ƙasarsu akwai masu haska irin hasken nan a kan ƙwayar abu. Wai cikin gishiri, da kanwa, da ƙarfe, akwai 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ido ba ya gani, a jere layi-layi kamar kunyoyin gona. In hasken ya bugi layukan sai ya watsu, amma ba ko'ina ba, sai ta wasu fuskoki, shi ne ɗigon nan. Kowane abu da irin jerinsa, don haka kowane da irin ɗigonsa. Da shi suke gane gishiri daga kanwa ko an niƙa su gari. Har ƙarfen da ya sha guduma suna iya bambanta shi da wanda bai sha ba."

Arzika ya kai hannu ya dafe hularsa.

"Amma ya ce wannan aikin ba a nan ake yinsa ba. Kuma ko can, hasken yana faɗin mene ne abu, ba ya faɗin na wane ne."

Arzika ya saki ajiyar zuciya, kuma a cikin sakinta ya ji kunyar kansa irin wadda bai taɓa ji ba. Murna yake yi ba a kama shi ba, alhali ya san wadda aka kama a madadinsa.

Likita ya tsaga gwiwar ya ciro guntun, ya jefa shi a 'yar kwalba ya ba Maccido. Ƙafa ta fara saɓewa. Labari kuwa ya riga su isa gida: na'urar Nasara da kanta ta nuna allurar jifa, marar huji, Maccido ya gani da idonsa. Wanda dā yake shakka yanzu ya daina. Maccido bai yi tsawa ba, abin da ya fi ba kowa tsoro ke nan. Ya aika aka gaya wa Goggo cewa tun da gonar Dundaye take so, ya fasa sayarwa, ta je ta zauna a can.

Da hantsi aka kawo jaki. Kayanta duka ba su cika masaki biyu ba. Babu wanda ya fito sai Arzika, shi ya riƙe mata jakin ta hau. Da ta zauna sai ta dube shi, ba ido ta duba ba, baki. Ta jira. Mai jaki ma ya jira, don ya ga kamar akwai magana.

"Allah shi kiyaye hanya, Goggo," in ji Arzika.

"Amin," ta ce. Jaki ya juya.

Washegari da safe ya tashi, ya yi abin da ya saba, ƙafarsa ta kai shi ƙofar ɗakinta da zare a hannu, har ya lashi bakin zaren ya murza. Sai ya ga ɗakin a buɗe, an share, kaza ta shiga tana tono inda tabarmarta take. Ya tsaya nan da zarensa. Babu wanda ya tsawata masa, babu wanda ya tambaye shi komai, amma a nan ne abin ya fi ƙarfinsa. Ya wuce zaure kai tsaye.

Maccido na zaune ya miƙe ƙafa, 'yar kwalbar na gefensa, don ya yi niyyar kai ta wurin malam a karya abin. Arzika ya durƙusa, ya cire hularsa, ya warware naɗin. Ya roƙi kwalbar, ya zazzage guntun a tafin hannunsa, ya ajiye nasa kusa da shi, ya tura su da farce. Bakin karayar ya haɗu tsaf. Ga tsini, ga huji, allura guda.

"Tawa ce, Yaya. Ni na zauna kan buzu. Na soke ta babu zare da na ji muryarka. Tun ranar tana cikin hulata."

Ya sunkuyar da kai yana jiran mari, har yana fatan ya zo. Bai zo ba. Maccido ya kalli allurar har Arzika ya gaji da durƙuso.

"Ƙanwar ubana," ya ce a hankali. "Na kore ta bisa jaki, ina zaune nan ban ko fito ba." Ya yunƙura zai tashi, gwiwar ta ƙi. "Tafi ka ɗauko ta. Ka ce na ce ta yafe mani. Tashi daga gabana."

Arzika ya kama hanyar Dundaye da ƙafa, ta cikin gero da ya kai kafaɗa. Ya same ta a gindin bukkar gona, ta shimfiɗa tabarma a inuwa, tsumma a cinya, allura a hannu ɗaya zare a ɗaya. Ya zube ya faɗi komai, tun daga buzun har ƙaryar da ya yi a gaban likita. Yana faɗa yana kuka, gemai-gemai da shi. Ta bar shi har ya gama.

"Na sani," ta ce.

Ya ɗago.

"Ba ni na kawo maka kunu ba? Na gan ka kan buzun. Da anka ce allura marar huji, ai na san inda hujin yake. Maɗinki na goya."

"To don mi ba ki faɗa ba, Goggo?"

"In ce mi? Ana ce mani mai jifa, in nuna ɗan da na goya in ce shi ne? Maganar taka ce. Kullum da safe kana zuwa, ina duban bakinka, ina cewa yau Auta zai faɗa. Ranar jaki ma na ce to yau kam." Ta gyara tsumman a cinyarta. "Ka gaya wa Maccido na yafe mashi. Ciwo ya ji, anka nuna mashi abu, ya gaskata. Shi bai sani ba."

Ba ta ce ta yafe wa wanda ya sani ba, shi ma bai bukaci ta ƙarasa ba.

"Ki dawo gida, Goggo. Yaya ya ce in taho da ke."

"Nan ma gidan ubana ne. Akwai ruwa a randa, Malam Arzika, ka sha kafin ka koma, rana ta yi."

Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Bai tashi ba, bai sha ruwan ba. Ta ɗaga allurar ga haske, ta ƙanƙance ido, ta kai zaren, ya wuce ta gefe. Ta lasa, ta murza, ta sake kaiwa, ya sake wucewa. Arzika ya miƙa hannu a hankali, tafi a buɗe, kamar kowace safiya.

Goggo ta ga hannun. Ta ɗan juya masa kafaɗa, ta sake lasar zaren, ta ci gaba da neman hujin da kanta.